Washegarin Ruwan Shuka

Ranar Litinin bayan la'asar Malam Shitu ya ƙwala wa Munira kira daga zaure. Tun daga yadda ya ja sunan ta san ba ruwan alwala yake nema ba.

Ta ajiye ƙwaryar da take wankewa, ta gyara mayafi, ta je ta durƙusa a bakin ƙofa.

"Ga ni, Baba."

"Gayyar jibi," ya ce, bai ko ɗago daga igiyar da yake tufka ba. "An ɗage ta."



Maza biyu ke neman auren Munira, kuma duk Tungar Ƙirya, ɗan ƙauyen nan da ke bayan Nasarawar Burkullu, an san wanda take so. Na ɗaya Halliru ne, mai sayar da hatsi a Bukkuyum, ɗan aminin mahaifinta. Na biyu Lukman, mutumin Duza, wanda ba shi da shago, ba shi da rumbu, sai safar hannu guda biyu. Shi ne golan ƙungiyar Anka a sabuwar gasar ƙwallon zaure, irin ta cikin ɗaki, da aka soma bana.

Malam Shitu ba mai yi wa ɗiya dole ba ne, balle Munira mai shekara ashirin da huɗu, wadda ke aikin riga-kafi a ƙaramin asibitin garin. Amma ƙwallo ba ta shiga kansa a matsayin sana'a ba, kuma ba ta da niyyar shiga. Don haka ya koma ga abin da ya gada: mai neman aure ya zo gonar suruki da mutanensa, a ga hannunsa. In duka biyun sun zo, yarinya ta zaɓa. Wanda bai zo ba ya cire kansa.

Laraba aka sa, ranar sharar gona. Lukman ya riga ya shirya da abokansa huɗu.

"Shara ba aiki ba ta," in ji Malam Shitu. "Na mai da ita shuka. Ranar da ruwan shuka ya sauka, washegari da sahe kowa ya taho da sunguminai da mutanenai. Na hwaɗi haka bayan azahar, gaban liman da uban Halliru. Kowa ya ji."

"Baba, wa ya kawo wagga shawara?"

"Uwakki."

Munira ta ɗago ta dube shi, abin da ba ta saba yi ba.

"Inna?"

"Kina da wata uwa ban da ita? Tashi ki ba ni wuri."

Ta tashi. Laraba ita kaɗai ce ranar da Lukman ba shi da wasa a makon nan. Daga yammacin Laraba za a kulle ƙungiyoyi huɗu da suka rage a Gummi, su yi ta bugawa Alhamis da Juma'a, a yi wasan ƙarshe ranar Asabar. Dokar gasar kuma ba ta da kara: ɗan wasan da ya bar masauki ba izini, ya bar ƙwallon zaure ke nan.

Ta ɗaga kai ta dubi gabas. Can ƙasa-ƙasa, sama ta soma yin duhu.

* * *

Inna Marka tana tsakar gida tana surfe. Da ta ga Munira ta shigo, sai ta ƙara wa taɓarya ƙarfi, tana wani ɗan murmushi da take zaton ba a gani.

Munira ce 'yar farinta. Shekara ashirin da huɗu ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa yabonta a gaban mutane ba, in ma magana ta kama sai ta yi ta da turmi ko da bango, ɗiyar ta tsinta. Haka aka yi mata, haka take yi. Son kuwa yana nan, har ya fi ƙarfin mai shi, sai dai ba shi da ƙofar fita.

"Wasu dai ba su da godiya," Inna ta ce wa turmi. "An yi masu gyara, sun shigo suna kumburi."

"Inna, mi kinka yi?"

"Ni? Mi nay yi? Rediyo nij ji shina cewa wanga mako ƙwallo za su yi ta bugawa. Nic ce Laraba rana na bisa, hili busasshe, ai ba su barin yaron ga ya taho. Amma in an kwana da ruwa, wa ka buga ƙwallo cikin caɓi? Tun ina yarinya, in ruwa ya sauka hilin makaranta tabki shika zama, kwana ukku ba mai taka shi. Kwana biyu nay yi ina lallashin tsohon ga kahin ya yarda."

Ta faɗi haka da alfahari, kamar wadda ta ciro guga daga rijiya.

Munira ta sulale ta zauna a ƙasa.

"Inna, ƙarƙashin kwano a ka buga ta."

Taɓarya ta tsaya a sama.

"Cikin tsohon siton auduga na. Bisa siminti. Tun da hilayen bayan gari sunka gagari mutane don rashin tsaro anka mai da ita cikin ɗaki. Ko kwana bakwai ruwa ya yi shina zuba, ɗigo guda ba ya taɓa su. Kuma Laraba ita ɗai ta ranar da ba su da wasa. Ya shirya, Inna. Da shi da mutum huɗu. Jibi da sun zo, da an gama."

Inna ta sauke taɓaryar a hankali, ta jingine ta. Karo na farko a wannan rana ta dubi ɗiyarta ido cikin ido.

"Mi ya hana a hwaɗa mani?"

"Ta ina zan hwaɗa maki?" Hawaye suka ɓalle wa Munira. "Yaushe munka taɓa zama ni da ke munka yi zancen namiji? Ko sunanai nif furta gabanki tashi kika yi ki shige ɗaki. Ke kin ji kunyar tambaya, ni na ji kunyar hwaɗi. Ga inda ta kai mu."

"Ni taimako nika so in yi."

"Na sani, Inna. Wallahi na sani. Shi ya hi ci mani rai."

Inna ta juya baya, ta ce dusa ce ta faɗa mata a ido. Ta daɗe tana fitar da dusar nan da bakin zane.

"Bari in koma gare shi," ta ce daga baya.

Ta koma. Malam Shitu ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce shi bai taɓa faɗar magana gaban liman ya dawo ya lashe ta ba, kuma ba a kan ƙwallo zai fara ba.

* * *

Duk da haka Lukman ya zo ranar Laraba, shi da mutanensa huɗu, a kan mashin biyu.

Sun durƙusa a zaure sun yi gaisuwa. Lukman ya yi bayani tiryan-tiryan, ya roƙi a bar gayyar yadda take, ko a ɗaga ta zuwa Lahadi. Malam Shitu ya ce ruwa ba ya jiran Lahadi, iri ma haka.

"To, Baba, tun da mun zo, a nuna muna gonar."

"Yau ba ta cikin lissahi."

"Mun ji. A nuna muna dai."

Suka wuni suna tumɓuke tushiyar bara, suna tara kara suna ƙonawa. Kafin la'asar gonar ta yi fes. Mutanen gari suna wucewa suna yi musu sannu, wasu kuma suna dariya ƙasa-ƙasa, wai 'yan ƙwallo sun zo sun share wa Halliru wurin shuka. Abin haushin, gaskiya suka faɗa.

Da suka dawo aka ba Lukman izinin ganin Munira a zaure. Ta kawo masa fura a kwano, ya karɓa ya ajiye bai sha ba. Toka ta yi masa fari a gira, tafin hannunsa ya yi bororo.

"Dubi hannunka," ta ce. "Da shi za ka tare ƙwallo gobe?"

"Ya saba."

A waje abokansa suna ta fama da mashin da ya ƙi tashi.

"Lukman, in ruwa ya sauka hwa?"

"Ba ya sauka."

"In ya sauka?"

Ya sunkuyar da kai. "Munira, mu takwas na cikin ƙungiyar ga. Gola ɗaya gare mu, ni. Na biyun ya karye tun wasa na shidda. Kin san su wa ad da ni. Biyar 'yan Duza, biyu 'yan Tungar Guru. Shekarar da gubar dalma tay yi ɓarna tare munka kai ƙannenmu kushewa. Ni biyu nir rasa. Sanusi ukku, kuma shi kainai har yau in ya gudu da yawa hannunai rawa shikai. Gonakinmu an kwashe ƙasassu, ramin zinari ya ci wanda zai ci. Ba wanda ya taɓa kiran sunan garinmu cikin rediyo sai in gawa za a ƙirga. Bana anka fara kiran shi don wani abu na daɗi."

"Na san wanga duka."

"Ƙungiyar da tac ci kohi ita za a riƙe da albashi baɗi. Sauran sai abin da Allah ya yi. In nit tahi, ba wasa ɗai za su rasa ba."

"Ni hwa?" Ta nuna ƙirjinta. "Ni mi zan rasa? Ka ƙirga mutum bakwai, ba ka ƙirga ni ba. Shekara biyu ina tare ma hwaɗa cikin gidan ga. An ce mani ɗan ƙwallo na, nic ce na ji. An ce mutanen Duza jininsu da guba, ɗiyanku ba su rayuwa, nic ce ni ma'aikaciyar asibiti ta, ƙarya ta. Gwaggona ta bar gaisawa da ni. Duk wanga ban taɓa kawo ma kuka ba. Safiya guda nika roƙo."

"Ki roƙi Allah ya riƙe ruwan har Asabar da marece. Kwana ukku ɗai."

"Ka ji abin da kac ce? Ɗiyar manomi ta roƙi a riƙe ruwa? Rumbun Baba saura kwana nawa ka sani?"

Hawaye suka taru a idonsa, ya ɗaga kai sama don kada su zubo, suka zubo duk da haka.

"Ba ni iya zaɓe, Munira."

"Ni na zaɓa tun tuni. Kai ɗai ya rage."

Daga waje Sanusi ya leƙo, dogo siriri mai yawan fara'a, ya ce koci ya yi ta kira, in ba su isa Gummi kafin magariba ba za a rufe ƙofa.

Lukman ya miƙe. A bakin zaure ya tsaya kamar zai ce wani abu, sai ya dubi sama kawai, ya hau mashin.

* * *

Ranar Alhamis Halliru ya biyo ta asibiti. Mutum ne mai tsabta da sanyin magana, kuma da mugu ne da abin ya zo wa Munira da sauƙi. Ba mugu ba ne. Ya dai iya jira, kamar yadda yake jiran hatsi ya yi tsada.

"Na ji 'yan Anka sun ci wasansu na yau," ya ce. "Ina taya ki murna."

"Na gode."

"Ni mutum goma sha biyu nat tanada. Tun jiya suna gidanmu suna cin tuwo, sama ɗai suka kallo." Ya yi murmushi. "Kada ki riƙe ni a zuci, Munira. Ba ni nis sauya rana ba, kuma ba ni ka saukar da ruwa ba."

"Ban ce kai na ba."

"In ya zo, ki zaɓe shi, in yi maku addu'a. In bai zo ba, ki tuna ni ban taɓa sa ki jira ba."

Ya tafi ya bar ta da allura a hannu, ta manta wa za ta yi wa.

Damina ta yi jinkiri a shekarar. Hadari ya haɗu ya watse ya fi sau biyar, shanun Fulanin gefen gari sun rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu. Don haka ranar Juma'a da hantsi liman ya fitar da gari sallar roƙon ruwa. Maza da tsofaffi da yara suka fita bayan gari, Malam Shitu a sahun gaba.

Munira tana ɗaki a kan sallaya, tana jin amin ɗinsu tana tasowa kamar guguwa. Ta ɗaga hannu ita ma. Duk garin na roƙon abu ɗaya, ita kaɗai tana roƙon kishiyarsa. Ta ce kwana ɗaya tak, ya Allah, kwana ɗaya da yini. Sannan ta tuna da shanun nan, da rumbun mahaifinta, ta ji kunyar kanta ta rufe ta, ta kifa fuska a sallaya ta yi ta kuka. Ba ta san wace addu'ar take so a karɓa ba.

Bayan la'asar iska ta juyo da sanyi. Aka yi cida sau biyu.

Sai ruwa ya ɓarke.

Ruwa ne na gaske, irin wanda ke cika kwari cikin sa'a guda. Mata suna guɗa, ana ta tara bokitai a bakin indararo, Malam Shitu ya tsaya a tsakar gida ba hula yana ta hamdala. Inna Marka kuwa ta shige ɗaki ta turo ƙofa.

Da ya tsagaita, gab da magariba, Munira ta ɗauki waya ta hau tudun bayan makaranta, inda nan kaɗai ake samun sabis. Sau huɗu tana kiran Lukman kafin ta shiga. Bayan muryarsa tana jin ihu da ganguna.

"Munira! Mun ci! Mun kai wasan ƙarshe, gobe sha ɗaya, mu da Gummi!"

"An yi ruwa, Lukman."

Ihun bayansa bai tsaya ba.

"Nan ma an yi," ya ce a hankali. "Mun ji shi bisa kwano."

"Baba ya hiddo iri. Gobe bayan asuba."

"Munira..."

"Ban da wani abin da zan ce ma wanda ban ce ba. In kana so na, ka zo. In ba ka zo ba, kada ka ƙara kirana, don ba ni iya jin muryakka ina gidan wani. Ka zo, Lukman. Don Allah ka zo."

Ba ta san ko ya amsa ba. Sabis ya ɗauke.

* * *

Gari na wayewa Halliru ya iso gona da mutanensa goma sha biyu. Suka ja layi, shida na sara da sungumi, shida na bin su suna jefa gero suna rufewa da diddige. Ƙasa ta yi laushi, aiki na gudu. Malam Shitu yana zaune a gindin marke yana kallo.

Da hantsi Munira ta kawo kunu. Ba aikinta ba ne, ita ta ce za ta kawo, kuma kowa ya san dalili. Ta ajiye, ta tsaya tana kallon hanyar da ta fito daga rafi. Ba kowa a kanta.

Ɗaya daga cikin mutanen Halliru ya rataye rediyo a reshen marken, ya kamo tashar da ke kawo wasan daga Gummi. Mai sharhi yana ta zuba, wai zaure ya cika har ana hawa taga, wai yau za a san zakaran kakar farko. Sannan ya soma karanta sunayen 'yan wasa.

Da ya zo kan Anka sai ya dakata.

"Jama'a, ga wani labari. Golan Anka, Lukman Duza, ba ya cikin zauren nan. An ce tun asuba aka nemi shi a masauki aka rasa. Sanusi ne zai sa safar hannu, ɗan wasan gaba, wanda bai taɓa tsaron gida ba."

Masu shuka suka tsaya. Halliru ya dubi hanya, fuskarsa ta sauya.

Munira ta dafe marke. Daɗi ya rufe ta, ba ta ma yi ƙoƙarin ɓoye shi ba. Ya taho! Saura layi nawa? Ta ƙirga da ido. Kusan sulusin gona.

"Ku ci gaba," in ji Halliru. "Ku ɗaga hannu."

Suka ɗaga hannu kuwa. Sungumi ya dinga sauka kamar ana korarsu.

Abin da Munira ta manta shi ne rafin. Ruwan da ya jiƙa gonar shi ya cika shi har baki, kuma in ya cika haka, mashin ba ya ƙetarewa, mutum ma sai ya jira ya faɗa.

Gummi ta ci ɗaya. Ta ci biyu. Kafin a tafi hutun rabin lokaci ta ci huɗu. Layuka suna ƙarewa, hanya ba kowa.

An rufe ramin ƙarshe ana shewa, sai ga mutum ya ɓullo daga wajen rafi. Tafe yake yana gudu yana faɗuwa, laka har ƙirji, ƙafa ɗaya ba takalmi, da sungumi a kafaɗa wanda ko a ina ya aro shi oho. Shi kaɗai ne.

Ya iso gaban Malam Shitu ya zube.

"Baba, ga ni. Rahi ya tsare ni. Tun hantsi nike bakinai."

Malam Shitu ya daɗe yana kallonsa. Ba fushi a fuskarsa, kuma da fushin ne da ya fi sauƙi.

"Sannu, yaro. Ka sha wuya. Amma shuka nic ce, kuma an rufe iri."

"Baba!" Munira ta durƙusa. "Ya zo! Kowa ya ga ya zo! Ruwa na ya tsare shi, ba shi ya ƙi ba!"

"Na gani." Ya juya ga Lukman. "Mutum nawa kab bari can?"

"Bakwai."

"Sun san za ka taho?"

Lukman ya dubi ƙasa.

"Tambayakka nikai."

"Suna kwana nif fita."

Daga reshen marke mai sharhi ya kwarma ihu. Biyar.

"Jiya da anka yi ruwa ban yi kwana da daɗi ba," in ji Malam Shitu. "Nic ce wa kaina, in yaron ga ya tsaya wurin mutanenai ya aiko mani da haƙuri, to ya san amana. Da na tahi wurin liman da ƙahwata, in ce a sake duba maganar ga, ko da za a yi mani dariya. Sai ga ka. Mutum bakwai sun kwanta sun dogara gare ka, ka tsallake su ka hita. Ni ɗiya guda gare ni da zan ba ka. Ran da wani abu ya hi ta zahi gare ka, ita ma tana kwana za ka hita?"

"Baba, ni nic ce ya zo!" Munira ta rushe da kuka. "Ni nir roƙe shi! Bai so ba, wallahi bai so ba, ni nit tilasta mai! In laihi na, nawa na!"

"Ke kin roƙa, shi ya aikata." Ya miƙe, ya kaɗe rigarsa. "Ban ce ki auri Halliru ba. Wanga ruwanki na. Amma wanga yaro, ba da hannuna ba."

Ya kama hanyar gida. Halliru ya yi wa mutanensa alama da kai, suka soma tattara sungumansu. Mai rediyon ya miƙa hannu zai sauke abinsa.

"Don Allah," in ji Lukman. Ita ce magana ta farko da ya yi tun da aka yanke masa hukunci. "Bar shi kaɗan. Ƙara mai murya."

Mutumin ya ƙara, ya ja da baya.

Lukman ya rarrafa ya zauna a gindin marken, cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya rungume gwiwoyinsa. Mai sharhi yana cewa saura minti uku, an ba Gummi fanareti, Sanusi ya tsaya a raga hannunsa na rawa har daga nesa ana gani, kocin Anka ya juya wa fili baya.

"Lukman," in ji Munira.

Bai juyo ba.

Ta matso a kan gwiwoyinta har ta kusa taɓa rigarsa.

"Lukman, ka gahwarta mani. Ka dube ni ko sau guda."

Ya ɗaga mata hannu, irin yadda ake yi wa mai surutu a bakin rediyo.

"Dakata," ya ce. "Za a buga ma Sanusi."